"Kwana Ya Ƙare" Ba Hukuncin Kotu Ba Ne

A ƙasar nan akwai wata magana wadda ta rufe bakin jama'a fiye da yadda bulala ko bindiga suka taɓa rufe shi, watau "kwana ya ƙare." In an shiga da mutum ofishin 'yan sanda da ƙafarsa aka fito da shi a makara, kwana ya ƙare. In magidanci da iyalinsa sun kwanta lafiya lau aka wayi gari babu mai motsi a cikinsu, kwana ya ƙare. In amarya ta faɗi a tsakar gida wata uku da ɗaurin aure, jikinta duk shatar duka, nan ma kwana ya ƙare. Babu mai imani da zai yi musun cewa ajali a hannun Allah yake. Amma Ubangijin da ya ƙaddara ajali shi ne ya haramta zubar da jini, ya kuma ɗora wa mahukunta nauyin bin kadin wanda aka zalunta. Saboda haka muna cewa, da babbar murya, wannan magana ta ta'aziyya ce, wurinta zauren makoki. Ranar da hukuma ta ɗauke ta ta mayar da ita amsar da take ba talakawa, ranar ta zama mayafin azzalumai.

Akwai wani ma'aikaci da aikinsa shi ne yaye wannan mayafi, shi ne likitan binciken gawa, wanda Larabawa ke kiran fanninsa likitancin shari'a. A kansa muke son mu yi magana da 'yan'uwanmu ɗalibai da matasan ma'aikata, domin ƙarancinsa a cikinmu ba tsautsayi ba ne.

Mu fara da duba tarihinmu na kusa. A watan Afrilu na 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a kan manoman Bakolori waɗanda ke neman diyyar gonakinsu da madatsar ruwa ta cinye. Gwamnati ta faɗi adadi ɗan kaɗan, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne, har yau kuwa babu wata ƙididdiga da kowa ya amince da ita. Ran 23 ga Mayu, 1986, aka harbe ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Hukuma ta ce mutum huɗu ne suka mutu, ɗalibai suka ce sun fi haka, gardamar ta tsufa a nan. Ran 8 ga Yuni, 1998, Janar Sani Abacha ya rasu yana kan mulki, aka binne shi a Kano a ranar ba tare da an bincika gawarsa ba, tun daga lokacin kuwa kowane mai shayi yana da nasa labarin. Bayan wata ɗaya, ran 7 ga Yuli, Cif Mashud Abiola ya rasu a tsare. Da yake babu wanda zai yarda da bakin gwamnatin da ta tsare shi, sai da aka ɗauko likitoci daga Amurka da Ingila da Kanada, su ne suka duba suka ce ciwon zuciya ne. A 2016 wani babban jami'in gwamnatin Jihar Kaduna ya shaida wa hukumar binciken rikicin Zariya na watan Disamba 2015 cewa an binne gawa 347 a rami ɗaya a Mando. To, ina sunan kowane ɗaya daga cikinsu? Ina takardar da ta nuna abin da ya kashe shi, ta gaba harsashi ya shiga ko ta baya? A watan Afrilu na 2020 kuma, da mace-mace suka yi yawa a Kano har masu haƙa kabari suka koka, abin da hukuma ta iya yi shi ne bin gidaje tana tambayar dangi yadda mamacin ya yi jinya. Daga baya Ministan Lafiya ya ce an ƙidaya mutum 979, kuma mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari cutar korona ce. "Mai yiwuwa," a birni mai babban asibitin koyarwa!

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan al'amura ya bar mana abu guda: jita-jita a wurin da ya kamata a sami hujja. Jita-jita kuwa ba ta ɗaure mai laifi, ba ta kuma wanke marar laifi.

Mutane da yawa sun ɗauka aikin wannan likita yankan gawa ne kawai, kamar mahauci. Wannan jahilci ne da ya kamata 'yan makaranta su fi kowa ƙyamarsa. Aikinsa amsa tambayoyi ne: wane ne wannan mamaci, yaushe ya mutu, me ya kashe shi, kuma ta wace hanya, ciwo ne, haɗari ne, shi ya kashe kansa ko kashe shi aka yi? Tun kafin ya taɓa wuƙa yakan karanta jikin kamar yadda mafarauci ke karanta sawu. Gawa takan fara sandarewa 'yan sa'o'i bayan mutuwa, daga muƙamuƙi da wuya zuwa sauran gaɓoɓi, ta cika sandarewa wajen sa'a 12, sa'an nan ta saki. A zafin ƙasarmu duk wannan yakan yi sauri. Jini kuma, da zarar zuciya ta tsaya, sai ya gangara ya kwanta a ɓangaren jikin da ke ƙasa, bayan wajen rabin yini ya kafe a wurin. Saboda haka in an tsinci mutum rub da ciki alhali jinin ya kwanta a bayansa, likita ya san an juya shi ko an ɗauko shi daga wani wuri bayan ya mutu.

In an ciro gawa daga gidan da ya ƙone, likita zai duba maƙogwaro da hanyoyin numfashi. In ya ga baƙin hayaƙi a ciki, mutumin yana numfashi lokacin gobarar. In ya tarar da su tas, akwai alamar ya riga ya mutu, wutar kuwa wataƙila an cinna ta ne don ɓatar da sawu. In an ce mutum ya rataye kansa, shatar igiya da ƙasusuwan maƙoshi da naman wuya za su iya nuna ko hannun wani ne ya shaƙe shi kafin a rataye. In an ce ɗan fursuna ya yi yunƙurin gudu aka harbe shi, raunin zai faɗi nasa: ramin shigar harsashi ya bambanta da na fitarsa, kuma in an ɗora bakin bindiga a jikin mutum ko kusa da shi, ƙunar albarushi takan bar tabo a fata. Wanda ya yi ƙoƙarin kāre kansa daga wuƙa yakan sami yanka a tafin hannu da damtse. Bayan haka akwai abin da ido ba ya gani: likita zai ɗebi jini da fitsari da abin da ke cikin tumbi da ruwan cikin ƙwayar ido a kai ɗakin gwaji don neman guba, ya kuma yanki 'yan ƙananan tsokoki ya duba su a madubin likita.

Kada a ɗauka wannan aiki don kama mai kisa kaɗai aka yi shi. Sau nawa muka ji an wayi gari iyali guda sun mutu a ɗaki, unguwa ta ɗauka cewa kishiya ce ta sa guba a tuwo, ko maƙwabciya mayya ce? Sau da yawa kuwa janareta ne aka kunna a lungun gida, ko gawayi aka shiga da shi ɗaki lokacin sanyi, iskar gubar da ke cikin hayaƙin, wadda ba ta da wari ba ta da launi, ta kama jininsu suna barci. Likita yana ganin jan launin da gubar ke bari a jiki, gwajin jini kuma ya tabbatar. Da wannan takarda ɗaya an wanke baiwar Allah daga zargin da zai bi ta har kabari, an kuma gargaɗi sauran gidajen unguwar.

Wannan ilmi ba sabo ba ne, ba kuma na Turawa kaɗai ba ne. Tun a shekarar 1247 wani alƙali a ƙasar Sin mai suna Sung Tsi ya rubuta littafi a kan binciken gawa don jami'an shari'a. A ciki ya kawo labarin wani da aka kashe da lauje: mai bincike ya sa manoman ƙauyen suka jera laujunansu a rana, ƙudaje suka taru a kan guda ɗaya wanda aka wanke amma ƙarnin jini bai fita ba, mai laujen ya amsa laifinsa. Shekaru ɗari bakwai da ɗoriya ke nan. Mu kuwa har yanzu babbar hujjarmu a shari'ar kisa ita ce "ya amsa da bakinsa," kowa kuma ya san yadda ake samo irin wannan amsa a bayan kanta.

Me ya sa azzalumai ke tsoron wannan likita? Mu dubi Afirka ta Kudu. Ran 12 ga Satumba, 1977, Steve Biko, jagoran ɗalibai baƙar fata, ya mutu a hannun 'yan sandan wariyar launin fata, bayan an ɗauko shi tsirara a bayan mota daga Port Elizabeth zuwa Pretoria, tafiyar fiye da kilomita 1,000. Ministan Shari'a, Jimmy Kruger, ya fito ya nuna wa duniya cewa yajin cin abinci ne ya kashe shi. Amma iyalinsa sun sa likitansu, Dokta Jonathan Gluckman, ya halarci binciken gawar, sakamakon kuwa ya nuna mummunan rauni a ƙwaƙwalwa. Alƙalin binciken ya ce babu wanda za a kama da laifi, to amma ƙaryar ta riga ta tonu, duniya duka ta gani. Likitocin gwamnati biyu da suka duba shi a tsare suka kau da kai, su ma sai da hukumar likitocin ƙasar ta same su da laifi a 1985.

Mu dawo maƙwabta. Da aka kashe Kyaftin Thomas Sankara ran 15 ga Oktoba, 1987, takardar shaidar mutuwar da aka ba iyalinsa cewa ta yi mutuwar Allah da Annabi ce. Shekara 27 wannan takarda tana nan a matsayin gaskiyar hukuma. A watan Mayu na 2015 aka tone kabarin a Wagadugu, masana suka duba ƙasusuwa da tufafi, suka tarar harsasai sun yi masa kaca-kaca. A watan Afrilu na 2022 kotun soja ta yanke wa Blaise Compaoré ɗaurin rai da rai a bayan idonsa. A Cadi ma, masana ƙasusuwa daga Ajantina, waɗanda suka koyi aikinsu wajen tono mutanen da sojojin ƙasarsu suka ɓatar, sun haƙa kaburburan zamanin Hissène Habré suka ba da shaida a kotun Dakar wadda ta ɗaure shi a 2016. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma sai an sami mai haƙa shi.

Labarin Sankara ya nuna mana wani abu kuma: takardar ƙaryar nan, likita ne ya sa mata hannu. Ashe samun likita kaɗai bai isa ba, sai ya zama gwani, ya kuma zama mai 'yanci. A lardin Ontariyo na Kanada an yi wani likita, Charles Smith, wanda kotuna suka daɗe suna ɗaukar maganarsa kamar yankan wuƙa a shari'un mutuwar yara. Da aka sake duba shari'u 45 da ya yi aiki a kansu, aka sami kurakurai a 20, bayan an riga an ɗaure iyaye da dangi a kan laifin da ba su yi ba. Hukumar binciken da ta ba da rahotonta a 2008 ta gano cewa bai taɓa samun horo na musamman a fannin likitancin shari'a ba. In haka ta faru a Kanada, to me za mu ce a nan, inda dokar binciken mutuwa da jihohi da yawa suka gada daga Turawan mulkin mallaka ta yarda a kira kowane likitan gwamnati, ko da bara ya gama makaranta, a miƙa masa takarda a ce ya faɗi abin da ya kashe mutum?

Horon gwanin wannan fanni doguwar tafiya ce. A Nijeriya sai ɗalibi ya yi shekara 6 a makarantar likitanci, ya yi shekara 1 ta sanin makamar aiki a asibiti, ya yi shekara 1 ta bautar ƙasa. Sa'an nan ya shiga horon ƙwarewa a ilmin gano cuta ta hanyar duba gaɓoɓi da tsokar jiki, wajen shekara 5, yana cin jarrabawar Kwalejin Horon Manyan Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ko takwararta ta Afirka ta Yamma. Bayan duk wannan ne zai ƙara shekara 1 ko 2 a kan raunuka da guba da dokokin shaida da yadda ake tsayawa a gaban lauyoyi, yawanci kuwa sai ya fita waje, Ingila ko Amurka ko Afirka ta Kudu. Shekara 14 ko 15 ke nan. Ko a Amurka kukan ƙarancinsu ake yi, ƙungiyarsu ma ta ba da shawarar kada likita ɗaya ya wuce gawa 250 a shekara, domin gajiya ita ce uwar kuskure. A ƙasarmu mai mutum fiye da miliyan 200, waɗanda suka kammala wannan tafiya ƙalilan ne ƙwarai.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Matacce ba ya yankar kati, saboda haka wannan likita ba shi da asibitin kansa da zai buɗe da yamma ya ƙara albashi kamar takwarorinsa. Yana aiki a mutuwaren da wutar lantarki ke ɗaukewa har gawa ta kumbura ta ruɓe kafin ya gan ta. Yakan yini a kan bencin kotu a ce masa an ɗaga shari'a. In ya rubuta abin da bai yi wa manya daɗi ba, ga barazana ga canjin wurin aiki. A gida kuma dangi na tambayarsa: duk karatun nan a kan gawa ya ƙare? Wanda ya jure ya ƙware, sai ka ji Saudiyya ko Ingila ta ɗauke shi. Kayan aiki ma haka. Da jirgin Dana ya faɗi a Legas ran 3 ga Yuni, 2012, da mutum 153 a ciki, sai da aka aika da samfurin ƙwayoyin halitta Ingila kafin a gane gawarwaki da yawa, iyalai suna zaman jira. Jihar Legas ta sabunta dokarta ta binciken mutuwa a 2007, ta kuma buɗe cibiyar gwajin ƙwayoyin halitta a 2017, wadda aka ɓarnata a tarzomar Oktoba 2020. Sauran gwamnoni fa? Kuɗin jerin gwanon motocin gwamna ɗaya ya isa ya gina ɗakin gwajin guba. Amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Gwamnatin da jami'anta ke kashe mutane a tsare ba za ta yi ɗokin horar da wanda zai tona ba.

Mun san hujjar da za a kawo mana, domin an saba kawo ta: addini ya ce a gaggauta binne mamaci, ya kuma hana keta alfarmarsa. Gaskiya ne, ba mu kuwa raina wannan. Uwar da ta ce kada a taɓa gawar ɗanta ba jahila ba ce, ƙauna ce ta sa ta. Amma a tambayi malamai. A cikin Mukhtasar na Shaihu Halil, wanda ake karantawa a zaurukanmu, an halatta tsaga cikin mamaci don ciro dukiya mai yawa da ya haɗiye. In an yarda da haka saboda dukiya, ina ga jinin mumini? A 1976 Majalisar Manyan Malaman Saudiyya ta yi fatawar halascin binciken gawa don tabbatar da laifin kisa da kuma gano annoba, a 1987 kuma Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta tafi a kan haka. Masar tana da hukuma sukutum ta likitancin shari'a a ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a. Ko a ƙissar Annabi Yusufu, duba inda riga ta yage ne ya raba gardama. Jinkirin da jama'a ke kuka da shi kuwa, ba binciken ke jawo shi ba, domin aikin 'yan sa'o'i ne. Rashin likita a kusa ne, da yawon neman sa hannun jami'ai, da kuɗin da ake tatsa daga masu makoki. A wasu biranen Ingila ma ana amfani da na'urar hoton cikin jiki don biyan bukatar iyalan Musulmi da Yahudawa, ta yadda sau da yawa ba sai an tsaga ba. Abin lura shi ne, jami'in da bai san ƙofar masallaci ba, ranar da wani ya mutu a hannunsa shi ne kan gaba wajen tuna wa dangi sunnar gaggauta jana'iza.

Saboda haka ga abin da muke nema, ba kuwa roƙo muke yi ba.

Na ɗaya, duk wanda ya mutu a hannun 'yan sanda ko soja ko gidan yari, tilas ƙwararren likita ya bincika gawarsa, a gaban likitan da iyalinsa suka zaɓa, a kuma ba su kwafin rahoton. Jami'in da ya binne irin wannan gawa a ɓoye a hukunta shi a kan ɓatar da shaida.

Na biyu, majalisun jihohi su sake rubuta dokokin binciken mutuwa, su kafa ofishin babban likitan bincike mai kasafin kansa, wanda ba kwamishinan 'yan sanda ko gwamna ne zai tuɓe shi don ya faɗi gaskiya ba.

Na uku, a ɗauke kuɗin binciken daga kan dangin mamaci. Bin kadin jini aikin hukuma ne, talaka ya riga ya biya da harajinsa.

Na huɗu, asibitocin koyarwa na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos su haɗa kai su kafa horon wannan fanni a gida, da ɗakin gwajin guba da na ƙwayoyin halitta, da wutar da ba ta ɗaukewa, da likitan da zai fito ko da tsakar dare don a sallami gawa kafin azahar. A horar da mata a ciki, domin iyalai da yawa za su fi natsuwa in mace ce za ta duba gawar 'yarsu.

Na biyar, malamai da limamai su karanta wa jama'a waɗannan fatawoyi a kan mumbari, yadda suke karanta hukuncin gado da na diyya.

Ku kuma 'yan'uwanmu na sashen likitanci, mun san kowa na hangen tiyata ko fannin haihuwa, inda suna da kuɗi suke. Muna kira ga waɗansunku su zaɓi wannan hanya, da wahalarta da warinta. Ku ɗaliban lauya, ku koyi karanta rahoton likita tun yanzu, don kada gobe a ruɗe ku da manyan kalmomi a gaban alƙali. Ku matasan ma'aikata da fayil ke bi ta teburinku, wata rana za a kawo muku takarda a ce ku sa hannu cewa wane ya mutu da zazzaɓi, alhali kun ji ihunsa da dare. Ku tuna da likitan da ya sa hannu a takardar Sankara, ku tuna kuma cewa kabarin ya buɗe bayan shekara 27. Mu ɗalibai mun fi kowa sanin abin da muke faɗa, domin tun daga Kunle Adepeju da aka harbe a Jami'ar Ibadan a 1971, gawarwakin da ake gardama a kansu sau da yawa namu ne.